Kafin a sauke giyabos, a fara duba ƙananan abubuwa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da ke cinye kuɗin masu motar otomatik a garin nan. Da mota ta fara fizga ko tana jinkirin shiga giya sai ka ji bakanike ya ce "Alhaji ai giyabos ya tafi", ko bonet bai buɗe ba fa, nan take a tura ka Ƙofar Ruwa neman ɗan Beljiyom wanda shi ma ba ka san wahalar da ya sha ba.

Ni a ganina man giya ake fara dubawa. A zaro sandar a goga a farin ƙyalle, in ja ne garau to da sauƙi, in ya yi baƙi yana warin ƙuna faiba (farantan kulocin cikin giyabos) ta fara ci, in kuwa ya koma kamar shayi da madara to ruwan lagireto ne ya shiga, ko sabon giyabos ka sa haka zai sake kashe shi muddin ba a canza lagireton ba. Awon ma kowace da nata, Toyota ana dubawa inji na aiki tana kan P, Honda kuwa sai ta yi zafi a kashe ta a duba nan take. Sannan mai ba ɗaya ba ne jama'a! Honda DW-1 take sha, tsofaffin Toyota T-IV, na baya-bayan nan WS, masu CVT (giyabos ɗin da ba shi da matakan giya) nasu daban, amma sai ka ga an ɗauko na jarka an ɗura wai ai duk ja ne.

Sai kwamfutar gano matsalar mota. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da wurin jona ta, galibi a ƙasan sitiyari. In motarka ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi sakewa, ko harafin D na Honda yana ƙiftawa, sau da yawa kare kanta take yi, kuma in aka ga lamba irin P0715 ko P0720 maganar sensar gudu ce ko wayarta, wani lokacin ma ɓera ne ya ci wayar.

Wasu ƙararrakin kuma babu ruwan giya. Ƙas-ƙas in ka karya kwana shaf ne, robarsa ta yage giris ya zube. Dum ɗin nan in ka sa D ko ribas, a leƙa injin sit tukuna. Fulogi ko kwail da ya mutu ma yana sa fizga.

Ba wai giyabos ba ya mutuwa ba, yana mutuwa, masu Honda Accord ɗin da ake kira EOD mai silinda 6 sun sani, a 2004 kamfanin Honda da kansa ya kira su gyara a Amurka saboda giya ta biyu tana ɗaukar zafi. In ka taka totur inji na ihu mota ba ta gaba, man ya cika kuma ga baƙin gari a ciki, to nan kam a sauke. Kuma don Allah a daina jan otomatik da igiya tafiya mai nisa, in inji a kashe yake famfon mai ba ya juyawa.

Roƙona Malam Edita, ku samo mana ƙwararren mai gyaran giya ya riƙa amsa tambayoyin masu karatu ko da sau ɗaya a wata ne. Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano