Tsofaffin motocin Bedford da Benz 207: a daina yanka su, kuma a iya gyara su

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana a kan tsofaffin motocin haya da na dako da ke zube a bayan gareji-gareji na Magazine, unguwar makanikai ta Suame, da lungunan Aboabo da Asawase a nan Kumasi. Kullum 'yan kwandam na zuwa da guduma da wutar yanka, su farfasa mota a yini guda, a loda ƙarfen a kai Tema a narke a yi rodi. Ba ma ganin laifinsu, abincinsu ke nan. Sai dai wasu daga cikin motocin nan sun fi ƙarfin a auna su a sikeli. Su ne suka yi jigilar goro daga Kumasi, su hau dutsen Mampong, su bi ta Ejura da Atebubu, su tsallaka ruwa a Yeji, su nufi Salaga da Tamale. Irinsu ne kuma suka kwashe dubban mutanenmu da kayansu lokacin dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a ƙarshen 1969.

Yanzu matasa masu ɗan hali sun fara sha'awar sayen irin waɗannan motoci su gyara don nunawa, kamar yadda ake yi a Ingila, inda tsofaffin motocin kasuwanci ke jerin gwano daga Landan zuwa Brighton. Abin farin ciki ne. Damuwarmu ita ce yawancinsu da fenti suke farawa. Ga kuma halinmu na makanikan Magazine: hannunmu ya saba da gyaran "ta tashi ta je ta nemo kuɗi", wato a cusa injin Toyota a cikin Bedford, a yanke nan a liƙa can. Wannan dabara ita ta riƙe sufurin ƙasar nan shekara da shekaru, amma a aikin raya tsohuwar mota ita ce ke kashe darajarta. Abin da ake nema a nan shi ne a mai da mota kamar ranar da ta fara lodi a tasha.

Motocin da suka cancanci wahalar kusan iri uku ne. Akwai Bedford ƙirar J mai dogon hanci, wadda aka fara ƙerawa a 1958, ita ce aka fi ɗora wa bodin katako. Akwai Volkswagen Kombi mai inji a baya, wadda aka fara a 1950, Jamus ta bar ƙirar mai gilashin gaba rabe biyu a 1967, Brazil kuwa ba ta daina yin Kombi ba sai 2013, shi ya sa har yau kayanta ba su yanke ba. Sai Benz 207 da kowa ya sani a layin tirotiro, wato ƙananan motocin haya na fasinja, wadda ta fito a 1977 aka ci gaba da yin danginta har 1995 da Sprinter ta gaje ta. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, tana ɗaukar motar da ta kai shekara 30 a matsayin ta tarihi, don haka ko autar 207 ta shiga sahu. Ga mai farawa, 207 ta fi sauƙi, domin kayanta na nan a Magazine da Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra. Bedford kuwa sai mai haƙuri.

Kafin a taɓa ko noti ɗaya, a duba takarda. A kankare lambar shasi da buroshin waya, a gwada ta da abin da ke rubuce a takardun DVLA, hukumar rajistar motoci da lasisin tuƙi. Idan an ga alamar walda ko goge a kewayen lambar, a bar motar komai arharta, domin an sha kashe kuɗin gyara a gama sannan rajista ta gagara. A lura da gefen sitiyari kuma. Gana ta koma tuƙi a hannun dama ne ranar 4 ga Agusta 1974, saboda haka motar da ta shigo kafin nan galibi sitiyarinta na asali a dama yake. Wadda aka juya mata daga baya za a ga facin tsohon rami a bangon da ya raba inji da direba.

Daga nan sai ƙarƙashin mota. A ɗaga ta a kan turaku masu ƙarfi, a bi shasi da ƙaramar guduma. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji shi dum. A 207, tsatsa ta fi cin matakalar ƙofa, da gindin gilashin gaba, da bakin taya, da wurin da sifirin ɗin taya ke kama jiki. A Kombi a duba dogarin ƙasa na gefe, da mazaunin batir inda ruwan batir ke zuba, da ƙarfen gaba mai riƙe ƙafafu. Motar da ta yi zamanta a Accra ta fi ta Kumasi ruɓa saboda iskar gishiri ta teku. Wadda ta fito daga Bawku ko Bolga sau da yawa jikinta garau, ko da rana ta cinye fentin.

Wurin da ya ruɓe yankewa ake yi har a kai ga ƙarfe mai kyau, a yanko kwano mai kauri ɗaya da na asali, galibi milimita 0.9 zuwa 1.2 a jikin bodi, a haɗa baki da baki. Kada a ɗora faci a kan tsatsa, ruwa na kwanciya a tsakani, bayan damina biyu sai ƙuraje su fito ta cikin fenti. Masu waldar kabaid su riƙa ɗiga wuta nan da can suna bari ya huce, in ba haka ba zafi ya lanƙwasa faffaɗan gefen mota, daga nan sai a koma cike da foti. Foti kuwa idan ya wuce milimita 3 tsagewa yake yi. Shasin Bedford ba a huda leɓensa na sama ko na ƙasa, ba a kuma ja masa walda a gicciye, domin nan ne nauyi ke hawa. Rami a tsakiyar bangon shasin ake yin sa.

Wata ɓarna da ake yi wa Bedford ita ce ta sifana. Notocinta na inci ne. Rabin inci milimita 12.7 ne, sifana mai lamba 13 za ta shiga amma da ɗan sako-sako, ana dannawa sai ta cinye kan noti. Haka ma zaren kusoshinta ba ya shiga da na milimita, wanda ya tilasta ya ɓata ramin. A nemi sifanun inci tun kafin a fara. Sannan motocin Ingila da yawa na shekarun 1950 da farkon 1960 kan batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da jikin mota. A bi waya a gani kafin a ɗaura batir.

Injin da ya shekara goma a kwance ba a tashinsa da turi ko da ja. Idan fistin ya kama, ko ruwa ya taru a silinda, jan mota a giya sai ya lanƙwasa sandar fistin. A cire filogi ko nozul, a zuba dizal gauraye da man giya na atomatik a kowane rami, a bar shi mako ɗaya ko biyu, sannan a juya karanshaf da hannu sannu a hankali har ya zagaya sau biyu ba tare da ya tsaya ba. Sai a zubar da tsohon baƙin mai, a wanke tanki, a auna matsin kowace silinda. Bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 alama ce ta rin ko bawul. Tankin fetur ba a kai masa wuta ko da ya bushe. Tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa.

Injin 207 na farko, OM616 mai lita 2.4, jarumi ne, amma yana son a saita masa bawul yana sanyi: milimita 0.10 na shiga, 0.30 na fita. Idan bawul ya matse, matsi ya ragu, da safe sai ta ƙi tashi, mai mota ya yi ta zargin famfon nozul a banza. Na farko-farkon kuma hitocinsu a jere suke a waya ɗaya, guda ta ƙone duka sun mutu.

Kombi ita ce ke buƙatar dogon bayani, domin tsohuwar ƙirarta ba ta da lagireto, iska ce ke sanyaya ta, kuma zafi ne ajalinta. A injin 1600, bawul milimita 0.15 ne inji na sanyi, kwantak milimita 0.4, baƙin mai lita biyu da rabi. Ba ta da filtar mai sai 'yar rariya a gindi, don haka duk kilomita 5,000 a canza mai a wanke rariyar. Kwanonin da suka lulluɓe injin da robar da ta zagaye shi ba ado ba ne. Makanikai kan cire su su yar wai don iska ta shiga, alhali su ne ke raba iska mai sanyi ta sama da mai zafi ta ƙasa. Babu su, fanka sai ta riƙa zuƙo zafin salansa tana mayar wa inji. Silinda ta uku ce ke fara ƙonewa a tsofaffin injuna, saboda na'urar sanyaya mai tana tare mata iska. Fambel ya tsinke, jar fitila ta kama, a tsaya nan take, domin bel ɗin da ke juya dinamo shi ke juya fanka. Gobarar Kombi kuwa kusan kullum daga tiyon fetur take, ya tsufa ya tsage ya ɗiga a kan inji mai zafi. A canza shi duka, a ɗaure kowane baki da kilif, a rataye abin kashe gobara kusa da direba.

Birki ba a yi masa kwaskwarima. Tsofaffin motocin nan da yawa layin birkinsu ɗaya ne, bututu guda ya fashe ƙafa huɗu sun tafi. A sake robobi da bututu duka, a canza man birki duk shekara biyu saboda yana shan danshi. Tsohon takalmin birki na iya ƙunsar asbestos mai lalata huhu, don haka kada a hure ƙurarsa da iska, a jiƙa a goge. Rim mai zobe irin na manyan Bedford kuma, a ɗaure shi da sarƙa kafin a ba shi iska. Zoben in ya ɓalle kisa yake yi.

Yanzu ga abin da ya fi damun mu, wato bodin katako da rubutunsa. Inji da shasi daga Ingila suka zo, ko'ina a duniya akwai irinsu. Bodin nan kuwa, da bencinansa da rumfarsa da tsanin hawa kan kaya, kafintocin ƙasar nan ne suka ƙera, ba a samun sa a wajen kowa. Duk wanda ya cire shi ya ɗora bodin ƙarfe ya zubar da nama ya riƙe ƙashi. A ɗauki hoton kowane gefe, a sa wa kowane katako lamba da alli kafin a kwance, wanda ya ruɓe a ajiye shi a matsayin ma'auni. Ginshiƙai da dogarai a yi su da katakon odum, ko mahogani in odum ya gagara. Katakon da ake kira wawa yana da arha da sauƙin fiƙa, amma ƙwari na cin sa, ba ya jure ruwa. A kasuwar katako ta Sokoban a nemi wanda ya bushe sosai, domin ɗanyen katako yana ƙanƙancewa da hunturu, kusoshi su saki, bodi ya fara kuka. A sa kusoshi masu rufin zinki, a shimfiɗa roba ko kwalta tsakanin katako da shasi.

Rubutun goshi da na baya shi ne sunan mota. Fasinja ba ya riƙe lamba, abin da yake riƙewa shi ne ya hau "Haƙuri Maganin Duniya" ko "Nyame Bekyere". Kada a sa injin goge a kansa. A bi da takardar yashi mai laushi da ruwa, fenti bayan fenti, sau da yawa sai an tarar da suna biyu ko uku a ƙarƙashi. A kwafe tsohon a takarda mai shara-shara, a kai wa mai rubutun allo da buroshi ya maimaita da hannu. Sitika ta kwamfuta a goshin Bedford kamar hular kwano ce a kan babbar riga. Launin asali kuma yana ɓoye a ƙarƙashin robar ƙofa ko bayan dashbod inda rana ba ta kai. A guji feshi a ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa ko ana tsakiyar damina, kuma mai fesa fentin zamani mai haɗi biyu ya sa abin rufe hanci na gaske, ba ƙyalle ba.

Game da nunawa, roƙonmu ga majalisar birnin Kumasi da ta Asokore Mampong da sarakunan Zango shi ne a ware rana ɗaya a shekara, ko washegarin Sallah ko 6 ga Maris, ranar 'yancin kan Gana, a ba da fili kamar Jubilee Park ko Cibiyar Al'adu. Kowace mota a kafa mata allo mai ɗauke da shekararta, da hanyar da ta yi, da kayan da ta ɗauka. Alƙalai su kasance tsofaffin direbobi da makanikai, su leƙa ƙarƙashi kafin su dubi ƙyalli, kuma motar da ta zo da ƙafarta ta fi wadda aka jawo maki. Shugabannin GPRTU, ƙungiyar direbobin motocin haya, a tashoshi su taimaka da sanar da inda irin waɗannan motoci ke kwance, masu gareji kuma su riƙa ba mai son gyara wa'adin wata guda kafin su kira masu yanka.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wasu makanikai da kafintocin bodi,
Suame Magazine, Kumasi.