Baba da ƙwayarsa ta kwana 35

Agege, Legas

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya sanyin Jos? In na ce sai ka fara nemana, furfura za ta riske mu. Akwai abin da nake son tambayarka, amma bari in fara da Baba.

An yi masa aikin kwatangwalon nan a asibitin ƙashi na Igbobi, an cire kan ƙashin da ya lalace an sa na ƙarfe. Alhamdu lillahi. Washegari suka miƙar da shi tsaye da abin dogarawa, yana ta faɗa wai yaran yanzu ba su da imani.

Rigimarmu yanzu magani. Akwai wata 'yar ƙwaya, rivaroxaban, miligiram 10, ɗaya kullum har kwana 35. Ba ta kashe ciwo, ba ta sa barci, saboda haka a wurin Baba asarar kuɗi ce. Likita ya yi mana bayani: bayan irin wannan aiki, ga yawan kwanciya, jini kan yi guda a jijiyar ƙafa, in gudan ya ɓalle kuwa huhu yake nufa. Aikinta ke nan, hana wannan. To kai je ka ce wa mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cinikin shanu a Oko-Oba ya biya kuɗin abin da idonsa bai gani ba!

Ana cikin haka sai ga Gwaggo da diclofenac daga kemis, da jiƙo cike da gora. Na ɓoye duka. An ja mana kunne cewa haɗa diclofenac, wato maganin ciwon, da ƙwayar nan tasa mai tsinka jini na iya jawo zubar jini a ciki. Paracetamol aka bar masa. Tramadol kuwa da ya busar masa da ciki, da kansa ya sallama. Gwaggo dai ta daina amsa gaisuwata, wai boko ya ɓata ni.

Af, yaron mai shayinmu ya yi aure, sai ka ga tumbi. Jirgin ƙasan nan na Agbado zuwa Oyingbo yana tsayawa Agege, ba ka da sauran uzurin cunkoso in ka zo.

Abin da ya fi cin ran Baba sallah a kan kujera. Ba tsuguno, ba harɗe ƙafa, ba zaman tabarma sai likita ya ce. Don Allah ka kira shi bayan Magariba, lokacin shan ƙwayar ke nan. Kai yana jin maganarka, ni har gobe yaro ne.

Kuɗina kuma suna gaishe ka.

Naka,
ka san ko wane ne