Daga Jidda, kan maganar kicin ɗin Inna

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Inna da Anti da yara. Ya ƙafar Inna, ta sassauta? Ni lafiya ƙalau, sai zafin Jidda, shi ma an saba.

Na tura riyal 1,500 ta hannun mutumin nan da ka sani. Kuɗin kicin ne, Yaya, na kicin kaɗai. Labari ya iso ni wai na wancan karon an yanki wani abu an zuba a shagon ƙofar gida, Auta zai buɗe cajin waya. Ban ce haka aka yi ba, amma wadda ta faɗa mini ba ta saba ƙarya ba. In Auta na son jari ya yi mini magana da bakinsa. Shekara nawa Inna tana tsugune gaban murhu, hayaƙi na cin idonta, ni kuma ina nan ina goge kicin ɗin wasu?

Nan gidan aikina ma gyara ake yi. An fasa kicin gaba ɗaya, a baranda nake girki kan ƙaramin gas, wanke-wanke a banɗaki, ƙura har cikin shayi. Ba komai, ina kallon masu aikin ina ɗaukar darasi. Sai da suka gama bututun ruwa da wayar wuta suka gwada, sannan suka ɗora tayil. Ka tsaya kan birkila ya yi haka, kada a liƙa a dawo ana fasawa. Tayil ɗin ƙasa kuma ban yarda da mai sheƙin nan ba, ko da Anti ta ce ya fi kyau. Ruwa na zuba ya zama santsi, ga Inna da ciwon gwiwa. Ka je kasuwar Ƙofar Ruwa da kanka, ka shafa da hannu, ka ɗauki mai kaushi. Mai sheƙin a sa a bango.

Kanta a zuba ta da kankare, tsayinta daidai ƙugun Inna, a gwada da ita tana tsaye. Kabad kuma nan da alminiyam suke yi, ruwa ba ya kumbura shi, gara ba ta ci. In ya yi tsada a bar ƙasan sinki a buɗe tukuna, ya fi a sa katakon da damina ɗaya za ta lalata.

Ka ce in aiko da firji daga nan. A'a. Bugun wutar lantarkin Saudiyya 60 ne a daƙiƙa, namu 50, injin zai wahala, ga kuɗin kago. Ka sayi firiza mai buɗewa ta sama a Sabon Gari, Thermocool ko Hisense, ita ke riƙe sanyi in an ɗauke wuta. A haɗa da stabilaiza. Murhun gas mai kai biyu ya isa, da tukunya mai kilo 12.5, a ajiye ta waje cikin inuwa, a huda bango a shigo da tiyo. Na san Inna na tsoron gas. Ku bi ta a hankali, kuma kada a rushe murhun icen, ranar taro da shi za a tuƙa tuwo.

Wallahi wani lokacin in na kwanta sai in ji kunya, ina ba da umarni daga nesa, kai ke shan rana. Allah ya saka maka da alheri. Amma dai ka turo mini hoton rasit da na aikin ta WhatsApp, kuma kada sisi ya shiga shagon nan.

Kada ka gaya wa Inna zancen ƙurar, za ta ce tarina ya tashi. In an samu mai zuwa Umara a aiko mini da kuka da daddawa. A gaida Baba Ƙarami da mutanen layi.

Taka ƙanwa.