Baƙin gindin tumatir ba feshi yake nema ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu noman rani a bakin kududdufan da haƙar kuza ta bari, daga Bukuru har Barikin Ladi.

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 muka ɗauki wata ɗabi'a. Mutum ya bar lambu ya bushe ƙayau saboda tsadar mai, ran da ya tayar da inji kuma ya cika fangali maƙil, wai ya rama. Tumatir bai san ramuwa ba. In ƙishi ya kama shi yana fure, furen zubewa yake yi. In kuma 'ya'ya sun fara nuna aka kwarara masa ruwa bayan fari, cikin ya kumbura fiye da yadda fatar za ta ɗauka, sai ya tsage. A kasuwar Farin Gada ta Jos dillali na ɗaga ciyawar kan kwando ya ga tsaga, ka san kuɗinka ya karye.

Wanda ya fi damuna shi ne baƙin tabon nan da ke fitowa a gindin ɗan tumatir, ya loɓa ya ƙeƙashe kamar tsohuwar fata. Maƙwabcina ya sha zuba kuɗi a kan feshi saboda shi. Alhali ba ƙwaro ba ne. Sinadarin kalsiyam ne bai kai ga ɗan ba, domin ruwa ne ke ɗaukarsa daga saiwa, in danshi ya yanke shi ma ya yanke. Yawan ruwan ma ba alheri ba ne, saiwa na buƙatar iska, in ta kwana a taɓo sai ta ruɓe, ganye ya yi yaushi, mai lambu ya zaci ƙishi ne ya ƙara.

Ni dai kafin in taɓa inji sai na tona kamar tsawon yatsa, in dunƙule ƙasar a hannu. In ta kama jikinta ba ta ɗiga ba, in bar ta. In ta wargaje, in ba da ruwa kaɗan da safe, a gindi, ban da ganye. Sai in rufe da karan acha, don iskar hunturun Jos da kanta tana shanye laima ko da rana ba ta da zafi.

Ina roƙon malaman gona su riƙa leƙo mu kafin dashe, su nuna wa mutane wannan a cikin fangali.

Naka,
Wani manomin rani, Bukuru, Jos