Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnan Kano: ina uwa za ta kai ɗanta mai shaye-shaye?

Mai girma Gwamna Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya taya ka riƙo, ina rubuto maka ne a matsayin ɗaya daga cikin matan da ke aikin sa-kai a unguwanni, muna shiga gida-gida muna zama da iyayen da shaye-shaye ya shigar wa ɗaki. Tambayar da iyaye mata suke yi mana kullum ita na kawo maka: "To Hajiya, ina zan kai shi?"

Ka san girman abin. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, ya kuma ƙiyasta fiye da miliyan ɗaya a jihar Kano kaɗai. Cikin kowane huɗu, ɗaya mace ce. Cikin kowane biyar, ɗaya ya kai matakin da sai an yi masa magani.

An yi ƙoƙari, kuma mun gani. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan binciken da BBC ta yi. A 2024 an tashi dillalan magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro domin a iya sa musu ido. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, NDLEA, ƙarƙashin Janar Buba Marwa tana kame, Hisbah tana fasa kwalaben giya. Duk wannan tare hanyar shigowa ne. Wanda ƙwaya ta riga ta kama jikinsa, ranar da kodin ya yi tsada ba ya dainawa. Tiramol yake komawa, ko roci, ko ekzol, in aljihu ya ƙare ya shaƙi sholisho.

Yallabai, da za ka ga yaron da ya kwana biyu bai sha ba alhali jikinsa ya saba, da ka gane abin da ya sa nasiha kaɗai ba ta isa. Gumi yake yi cikin sanyi, hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, ga gudawa, ga ciwon gaɓoɓi kamar ana sassara shi, barci kuwa babu. Uwarsa tana bakin ƙofa da makulli ɗaure a haɓar zani, domin tukunyar gas da keken ɗinkinta sun riga sun tafi kasuwa. Wani kuma tiramol mai lamba 225 zai haɗiya, alhali 50 da 100 aka amince a sayar, ya yanke jiki ya faɗi yana karkarwa. 'Yan gida su ce iska ce ta taɓa shi, a yi ta hayaƙi da tofi, ba wanda ya ce a tafi asibiti. Maƙwabta sun daina gaishe da uwar. Manemin ƙanwarsa ya ja da baya. Uban ya ce ya sallama shi. Ita kuwa cewa take hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Da can gidan mari ake kai irinsa. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa, jiki duk tabon bulala. Aka sami irinsa a Daura, a Kano ma aka rufe waɗannan gidaje. Rufewar daidai ce, ba na goyon bayan a ɗaure ɗan Adam kamar dabba. Amma iyayen da suka kai 'ya'yansu can har suka biya kuɗi, ba mugunta ta kai su ba. Ƙofar da suka samu a buɗe ke nan. An rufe ta, kuma waɗanda suka rage sun yi kaɗan ƙwarai. Asibitin Dawanau da na Malam Aminu Kano da gidan gyaran tarbiyya na Kiru ba za su ɗauke jama'ar ƙananan hukumomi 44 ba, ko da ma'aikatansu ba sa barci.

Wannan gurbi ƙungiyoyin sa-kai suke ta faman cikewa da abin da ke aljihunsu. Akwai malaman Islamiyya, akwai nas-nas da suka yi ritaya, akwai samarin da suka sha suka daina, waɗanda maganarsu ta fi ta kowa shiga kunnen 'yan uwansu. Su ke karo-karon kuɗin adaidaita sahu zuwa asibiti. Su ke zama da uba har ya huce ya janye baki. Ba su da ɗakin ganawa, sai soron wani bawan Allah, inda duk mai wucewa zai ga wanda ya shiga.

Abin da nake roƙo ba gini ba ne. A ware ɗaki guda a asibitocin sha-ka-tafi na unguwanni, ko da yini biyu a mako, inda ma'aikacin lafiya da ɗan sa-kai za su saurari iyali cikin rufin asiri, su tura mai buƙatar gado inda ya dace. A horar da 'yan sa-kan, a yi musu rajista, a riƙa duba aikinsu, domin kada wani ya sake buɗe gidan mari da sunan taimako. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023 ta kare haƙƙin irin waɗannan marasa lafiya, sai dai amfaninta ba zai iso unguwa ba sai jiha ta ɗauka.

Maganar mata ce ta fi tsaya mini a rai. Namiji in ya sha, ana cewa ya lalace, Allah ya shirye shi. Mace in asirinta ya tonu, takardar saki ce, a karɓe 'ya'ya, gidansu ma a rufe mata ƙofa. Shi ya sa take ɓoyewa har abin ya ci ƙarfinta. Da yawa daga cikinsu rashin barci da baƙin cikin zaman aure ne ya sa suka fara karɓa a hannun ƙawa. Suna buƙatar sashe nasu, ma'aikata mata, da damar zuwa da goyo. In babu wannan, ba za su zo ba, mu kuma ba za mu iya cewa su zo ba.

Sai bayan sallama daga asibiti, inda aikin ya fi rushewa. Yaro ya yi wata uku ya murmure, ya dawo lungunsu ya tarar da majalisarsa tana nan, mai sayarwa yana nan, aikin yi babu. Hukumar Zakka da Hubusi za ta iya ware kaso domin kuɗin maganin marasa ƙarfi da jarin waɗanda suka warke, a haɗa su da masu gareji da kafintoci da teloli da suka yarda su riƙe su, ɗan sa-kai yana leƙa su duk mako.

Kafin a kammala kasafin kuɗi na gaba, ina roƙon ka umarci kwamishinonin lafiya da na harkokin mata su kira waɗannan ƙungiyoyi zama, a zo da wasu daga cikin iyaye mata su yi bayani da bakinsu. In an kira mu, za mu kawo su.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.

Daga wata 'yar sa-kai, cikin birnin Kano.