Wasiƙa a kan jikin Mama

Ɗan'uwana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ya aiki, ya iyali? Shirun ya yi yawa, kuma kada ka sake ce mini waya ce ta lalace.

Ƙanwarka ce ta tsegunta mini cewa wani mai wa'azi ya ce Mama ta ajiye maganin sukarinta, ta shiga azumi, ta kuma "shuka iri" (wato ta ba da kuɗi) kafin warkarwa ta sauko. Wai ƙarancin bangaskiyarta ne ya sa ciwon ya ƙi tafiya. Haba mutumina! Kai da ka haddace Afisawa 2:8-9 tun muna makarantar Lahadi (don kyautar malama, mun sani), kana ji ka yi gum? Idan ceto kansa ta wurin alheri ne, ba ladan aikinmu ba, da wane kuɗi za a sayi warkarwa? Siman mai sihiri ya gwada miƙa wa manzanni kuɗi a Ayyukan Manzanni sura 8. Duba amsar da Bitrus ya ba shi, babu daɗi.

Zancen ƙarancin bangaskiyar nan ne ya fi ci mini rai, domin zai sa tsohuwa ta kwana tana tuhumar kanta. Sau uku Bulus ya roƙi a cire masa ƙaya daga jikinsa, aka ce masa alherin ya ishe shi. Shi ne ya bar Tarofimas kwance ba lafiya a Militus, shi ne kuma ya kira Luka ƙaunataccen likita. Bulus ne bai da bangaskiya?

Af, na ji shugaban mawaƙanmu zai yi aure. Wanda ya rantse sai ya ga wahayi tukuna! Da alama wahayin yana rera waƙa a layi na biyu.

To, ga abin da Yaƙub 5:14-16 ya shimfiɗa, kuma ba wuya. Marar lafiya ne ke aika a kira dattawan ikkilisiya. Su zo, su yi addu'a a kansa, su shafa masa mai cikin sunan Ubangiji. Mai na zaitun kawai, ɗigo a goshi ya isa, domin ikon ba a kwalbar yake ba. In akwai abin da ke ci mata zuciya, zunubi ko riƙo, ta furta, a yafe wa juna. Dattijo biyu ko uku sun wadatar. A nan ake yawan ɓata abin: a cika ɗaki da jama'a, a yi ta ihu har dare, marar lafiya ya galabaita, lokacin magani ya wuce.

Maganin kuwa kada ta tsallake. In ta daina sha, sukari zai hau a ɓoye, ya taɓa ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. In kuma ta sha ta yi azumi a kai, yana iya faɗuwa: rawar jiki, zufa, ruɗewa, har suma. Ku masu lafiya ku ɗauke mata azumin. Ranar da ta ji ta warke, a je a auna, likita ya faɗa da bakinsa. Yesu ma kutare goman nan wurin firistoci ya tura su.

Ka kira ta yau, ka karanta mata Zabura 103 a waya. Ankon bikin fa, in saka sunanka ko har yanzu kana fushi da ango?

Naka cikin Almasihu.