Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Mai Ɗaukar Bidiyon Biki da Duron a Yankin Haɗejiya

Assalamu alaikum Malam,

Ka aiko mana tambaya ta rediyo cewa tunda a ƙauye kake aiki, nesa da filin jirgin Dutse da na Kano, me zai haɗa ɗan duron ɗinka, wato ƙaramin jirgi marar matuƙi, da jirgi mai saukar ungulu? To ai a ƙauyen ma aka fi haɗuwa.

A ƙa'ida jirgi ba ya sauka ƙasa da mita 150 sai wajen tashi da sauka, duron kuma iyakarsa mita 120. Tazarar mita 30 ke nan. Sai dai jiragen feshin jan-baki a fadamun Guri da Kirikasamma kusan shafar kan itatuwa suke yi, kuma da almuru suke fita, sa'ad da tsuntsaye suka koma makwanci, daidai lokacin da biki ke tashi. Ga masu leƙen ambaliya, ga manyan baƙi masu sauka a filin ƙwallon makaranta.

Helikwafta mai gudun kilomita 200 a awa tana cinye kilomita guda cikin daƙiƙa 18. Ƙananan duron kuwa mita 3 zuwa 5 suke saukowa a daƙiƙa, wato daga mita 120 sai ka ci kusan rabin minti. Matuƙin ba zai gan ka ba, kaucewa a wuyanka take. Kada ƙanƙantar abin ta ruɗe ka: batirin da injinansa masu tauri ne, suna iya fasa gilashin gaba ko su lalata farfelar wutsiya. A 2017 wani duron samfurin DJI Phantom 4 ya daki helikwaftar sojan Amurka kusa da birnin New York, ya ji wa babbar farfelarta. Mai shi ya tura shi inda idonsa ba ya kaiwa.

Saboda haka ka rage iyakar tsayi a manhajar duron zuwa mita 50 ko 60, ya ishi kowane biki. Ka sani daga inda ka tashe shi yake ƙirga tsayin, ba daga ƙasar da ke ƙarƙashinsa ba. Ka tsayar da babban mutum ɗaya, nesa da lasifika da janareta, aikinsa kawai sauraro da duban sama. Da an ji ƙara, ka sauko nan take, ƙasa da tsayin itatuwa. Kada ka danna maɓallin komawa gida, domin shi sai ya fara haurawa zuwa tsayin da aka saita kafin ya juyo. Ranar hazo ka haƙura. In an sanar da feshi ko saukar baƙi, ka bar duron a jaka har farfela ta tsaya cak.

Batun takardu kuma, zama a ƙauye bai ɗauke maka ba: tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta hana tashin duron sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Wassalam.